Bakwaini da Shawarar Zauren Waya

Wani ɗan kasuwa daga Funtuwa ya rubuto mana cewa maiɗakinsa ta haifi bakwaini, an kuma sa ta a wani zauren WhatsApp na iyayen irin waɗannan jarirai. Yana tambaya, shin a bi abin da ake faɗa a can?

To malam, barka da arziki, Allah ya raya. Bakwaini shi ne jaririn da ya zo kafin ciki ya cika mako 37, kuma sanyi ne babban abokin gabarsa. Zauren yana da amfani, don maijego za ta ji daga bakin waɗanda suka sha irin wannan fargaba. Amma duk mai cewa a ba jariri jiƙo, zuma ko ruwa, kada a saurare shi. Nonon uwa kawai.

In kuwa an ambaci goyon ƙirji, wannan gaskiya ne. A Bogota ta ƙasar Kolombiya aka fara shi a 1978, saboda ƙarancin kwalbar jarirai. A kwantar da jariri a ƙirji, fata da fata, da hula a kansa, a ɗaure da zane, awa 8 ko fiye kullum. Kai ma kana iya karɓarta idan ka dawo kasuwa. In ya ƙi kama nono, ko numfashinsa ya canza, a ajiye waya a nufi asibiti.