Ermershausen da Sauran Ƙauyukan da Garuruwan Jamus Suka Haɗiye

Da asubahin ranar 19 ga Mayu, 1978, ɗaruruwan 'yan sandan kwantar da tarzoma suka dira Ermershausen, wani ɗan ƙauye a arewacin jihar Bavariya, kilomita kaɗan daga shingen da ya raba Jamus ta Yamma da ta Gabas a wancan zamani. Takardu suka je ɗauka. Tun ranar 1 ga watan dokar jiha ta soke ƙaramar hukumar ƙauyen, ta mayar da shi wani yanki na Maroldsweisach da ke maƙwabtaka da shi, amma mutanen suka ce ba su san zancen ba. Suka mamaye ofishin magajin garinsu, suka kafa shingaye, suka hana a fita da ko fayil ɗaya. A wannan asuba aka fitar da su da ƙarfi, aka kwashe takardun.

Ermershausen shi ne wanda ya fi kowa ɗaga murya, amma abin da ya same shi ya sami dubban ƙauyuka. A 1968 Jamus ta Yamma tana da ƙananan hukumomi fiye da 24,000. Zuwa 1978 abin da ya rage kusan 8,500 ne. Bavariya ta sauko daga kusan 7,000 zuwa 2,000 da 'yan kai, gundumominta kuma daga 143 zuwa 71. Baden-Württemberg ta sauko daga 3,379 zuwa 1,111. A jihar Rhine ta Arewa da Westfaliya, inda wuƙar ta fi kaifi, ƙananan hukumomi sama da 2,300 suka koma 396. Cikin shekara goma, biyu daga kowane ƙauye uku sun daina mulkin kansu.

Sai an san yadda ƙauyen Jamus yake kafin nan za a gane girman abin. A can, ƙauye mai mutum 300 yakan zama ƙaramar hukuma mai cin gashin kanta, da magajin gari, da kansiloli, da kasafin kuɗi, da hatimi. A Bavariya wannan tsari ya samo asali ne daga dokar ƙananan hukumomi ta 1818. Magajin gari galibi manomi ne ko mai sana'a, ba ya karɓar cikakken albashi. A ƙananan ƙauyuka ɗakin zamansa ne ofis, hatimin yana cikin aljihun tebur, wanda ke son takardar shaida yakan jira shi ya gama tatsar shanu. Kansilolin maƙwabta ne, sun san wace hanyar gona ce ke caɓewa in an yi ruwa, sun san katangar maƙabarta ta fara tsagewa. Gyara da yawa da aikin gayya ake yin sa.

Waɗanda suka rushe wannan tsari suna da hujja, kuma hujjar mai nauyi ce. Bayan yaƙin duniya na biyu miliyoyin Jamusawan da aka koro daga gabas sun cika ƙauyuka. Sannan arzikin shekarun 1950 da 1960 ya zo da mota, noma ya daina ɗaukar mutane da yawa, ɗan ƙauye ya koma ma'aikacin masana'anta da ke kwana a ƙauye yana wuni a gari. Abin da ake nema daga hukuma ya canza gaba ɗaya: ruwan famfo, magudanar ƙazanta da wurin tace ta, kwashe shara, tsarin filayen gini, makaranta mai aji daban-daban maimakon ɗaki ɗaya da malami ɗaya. Kowane ɗaya daga cikinsu yana buƙatar injiniya, da akanta, da wanda ya san doka. Manomin da ke riƙe da hatimi da yamma ba zai iya ba, kuma harajin mutum 300 ba zai sayi injin tace ruwa ba. Ga kuma manufar da gwamnatin tarayya ta ɗauka, wadda dokar tsara ƙasa ta 1965 ta ƙarfafa, cewa rayuwar ɗan karkara kada ta gaza ta ɗan birni.

Masu tsare-tsare na lokacin sun yi imani da lissafi. Sun dogara da tunanin masanin labarin ƙasa Walter Christaller, wanda tun 1933 ya bayyana yadda kowane yanki ke kewaye wata cibiya inda kasuwa, asibiti da makaranta suke. Masanin mulki Frido Wagener ya fitar da littafi a 1969 yana auna yawan mutanen da ya kamata kowane matakin hukuma ya ƙunsa kafin ya yi aiki yadda ya dace. Daga nan aka fara zana taswira a ma'aikatun cikin gida, ana cewa ƙaramar hukuma ta kai mutum dubu kaza, in ba ta kai ba a haɗa ta da wata. A Bavariya ministan cikin gida Bruno Merk ne ya ja ragamar aikin, ƙarƙashin gwamnatin Alfons Goppel.

Akwai dalili na biyu da ba a cika faɗinsa a bainar jama'a ba. Garuruwa suna jin yunwar fili da haraji. Masana'antu suna ƙaura zuwa bayan gari inda ƙasa ke da araha, harajin kasuwanci kuma a Jamus ƙaramar hukumar da kamfani yake cikinta ce ke karɓa. Masu hali suna gina gidaje a ƙauyen gefe, suna amfani da asibiti da gidan wasan kwaikwayo na gari ba tare da garin ya amfana da su ba. Birnin Kolon ya haɗiye Wesseling mai manyan masana'antun sinadarai a farkon 1975, yawan mutanensa ya haura miliyan ɗaya. Wesseling ta kai ƙara kotun tsarin mulki ta jiha, ta yi nasara, ta koma gashin kanta a tsakiyar 1976, Kolon kuwa ya sake faɗowa ƙasa da miliyan.

Hanyar da aka bi kusan iri ɗaya ce a ko'ina. Da farko lallashi: ƙauyen da ya yarda ya shiga gari da kansa za a ƙara masa kuɗi daga jiha, kuma zai iya ƙulla yarjejeniya da garin, a rubuta masa alkawarin zauren taro, ko filin wasa, ko motar kashe gobara, ko cewa ba za a taɓa makarantarsa ba. Da wa'adin ya cika sai doka ta tilasta wa sauran. Wannan ya sa ƙauyuka da yawa suka sa hannu ba don sun gamsu ba, sai don sun ga cewa wanda ya jira za a kai shi inda ba ya so kuma hannu wofi. Kundin tsarin mulkin Jamus, a sashe na 28, ya ba ƙananan hukumomi 'yancin gudanar da harkokinsu, amma kotuna sun fassara shi da cewa tsarin ne aka kare, ba kowace ƙaramar hukuma da sunanta ba. Ana iya soke ƙauye muddin an saurare shi kuma an nuna amfanin jama'a. Shi ya sa ƙararraki kaɗan ne suka yi nasara, irin ta Wesseling, da ta Gladbeck a ƙarshen 1975, da ta Horgau a Bavariya a 1983. Garin Lahn, wanda aka ƙera a 1977 ta hanyar haɗa Giessen da Wetzlar, fushin masu zaɓe ne ya rusa shi a 1979.

Ba a jayayya cewa an samu abubuwa. Ƙauyukan da aka haɗe sun sami ruwa, magudanai da tituna cikin shekarun da suka biyo baya, kuma ofis mai ma'aikata ƙwararru ya fi aljihun tebur tsare haƙƙin wanda ba ya shiri da magajin gari. Wannan na ƙarshe muhimmi ne, domin mulkin maƙwabta yana da nasa zalunci: a ƙauyen da gidaje uku ke riƙe da komai, baƙo da talaka ba su cika samun filin gini ba. Sai dai wani ɓangare na ci gaban da ake danganta wa haɗewar, arzikin ƙasar ne ya kawo shi, domin ƙauyukan da ba a haɗe ba su ma sun sami famfonsu.

Asarar kuwa ba ta shiga lissafin masu taswira ba, don ba a biyan ta da kuɗi. Ƙauye goma masu kansila takwas-takwas mutum tamanin ke nan da ke zama da dare suna gardama kan kwalbati da kuɗin makarantar renon yara. In aka haɗa su, majalisa ɗaya ce mai kujera ashirin ko makamancin haka, kuma rinjayenta na hannun babban garin. Masanin karkara Gerhard Henkel, wanda ya daɗe yana sukar wannan gyara, ya ƙiyasta cewa kujerun sa kai kusan 300,000 aka rasa a faɗin ƙasar. A ganina wannan ce asara mafi girma, domin a waɗannan kujeru ne ɗan ƙasa yake koyon cewa hukuma tasa ce, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutumin da a da zai ɗauki shebur ya gyara hanyar, yanzu takarda yake rubutawa ofishin gari ya zauna jira.

Abin ya shiga har cikin adireshi. Kusan kowane ƙauye yana da titin da ake kira babban titi, da titin coci, da titin makaranta. Gari ɗaya ba zai ɗauki titin coci guda bakwai ba, saboda haka aka sake wa tituna suna, mutane suka wayi gari da sabon adireshi a gidan da aka haife su. A allon rawaya da ke bakin ƙauye, sunan ƙauyen yana nan, amma an ƙara sunan garin da ya mallake shi. Abin da ya riƙe tsohon suna shi ne ƙungiyar 'yan kwana-kwana ta sa kai, da kulob ɗin ƙwallo, da coci.

Jihohi sun yi ƙoƙarin rage raɗaɗin. A Baden-Württemberg da wasu wurare an yarda ƙauyen da aka haɗe ya riƙe ƙaramar majalisa da shugabanta, wanda matsayinsa ya yi kama da na mai unguwa: ana jin ta bakinsa, yana kai kuka, amma kasafin kuɗi ba a hannunsa yake ba. An kuma ƙirƙiro tsarin zaɓe da ke ware wa kowane tsohon ƙauye kujeru a majalisar gari, ko da yake garuruwa da yawa sun soke shi daga baya. Inda magajin gari yake da adalci, waɗannan majalisu suna aiki. Inda ba shi da shi, shawara ce kawai ake rubutawa a ajiye.

Amma akwai wata hanya, kuma tun a lokacin ana ganinta. Jihar Rhineland-Palatinate ta bar ƙauyukanta da magajin garinsu, da majalisarsu, da kasafinsu, sai ta haɗa musu ofis ɗaya na ƙwararru da ke yi wa ƙauyuka da yawa aikin takarda, ruwa da kashe gobara. Har yau tana da ƙananan hukumomi kusan 2,300, fiye da kowace jiha. Schleswig-Holstein ma ta bi makamancin haka, Bavariya kanta ta yi wa ɗaruruwan ƙauyuka wannan tsari. Ermershausen abin da ya samu ke nan a ƙarshe. Bayan shekaru na ƙin haɗa kai da Maroldsweisach, mutanensa da yawa suka shiga jam'iyyar CSU mai mulki don su matsa mata daga ciki, kuma ranar 1 ga Janairu, 1994 ƙauyen ya koma ƙaramar hukuma, yana raba ofishin gudanarwa da wasu a Hofheim. Mutanensa a yau ba su wuce 600 ba. Wannan ya nuna cewa tun farko abu biyu ne aka cakuɗa: ƙwarewar aiki, wadda take buƙatar girma, da ikon yanke shawara, wanda ba ya buƙatarsa. Ƙauyen da aka haɗiye don a ba shi injiniya, da ana iya ba shi injiniyan a bar masa majalisarsa.

Ciwon bai warke da shekaru ba. A 2012 gwamnatin tarayya ta yarda a dawo da tsofaffin haruffan lambar mota na gundumomin da aka soke, mutane kuwa suka yi rububin karɓa, har da waɗanda ba a haife su ba lokacin da aka soke gundumomin. Haruffan HOH na tsohuwar gundumar Hofheim, wadda Ermershausen ke cikinta har 1972, sun sake fitowa a kan tituna.

Duk da haka, bayan haɗewar Jamus a 1990 jihohin gabas suka bi sawun yamma, su kuma dalilinsu raguwar jama'a ce da ƙarancin kuɗi. Brandenburg ta yi nata gyaran a 2003. Saxony-Anhalt ta rage ƙananan hukumominta daga sama da 1,000 zuwa 218, har Gardelegen, gari mai mutum kusan 22,000, ya zama na uku a faɗin ƙasa a duk Jamus, bayan Berlin da Hamburg. A wannan karon masana tattalin arziki sun bi diddigi da alƙaluma. Wani bincike kan Brandenburg ya ga raguwar kuɗin gudanarwa a inda aka haɗa da tilas. Binciken Felix Rösel na cibiyar ifo a Dresden kan haɗe gundumomin Saxony a 2008 kuwa bai ga tsimin da aka yi alkawari ba, abin da ya gani shi ne raguwar masu fita zaɓe da ƙaruwar ƙuri'un masu tsattsauran ra'ayi. Wannan sakamako ya kamata ya tayar wa kowa hankali, domin a yankunan da mutane suka riga suka ga an rufe makaranta, gidan waya da tashar jirgi, ɗauke musu majalisa yana tabbatar musu da abin da suke zargi, cewa ba a buƙatar ra'ayinsu.

'Yan siyasa sun fara jin wannan a jikinsu. A 2017 kotun tsarin mulki ta Thuringiya ta soke dokar share fage ta gyaran da gwamnatin jihar ta shirya, gwamnatin ta koma ga haɗewar ganin dama tare da tallafin kuɗi. A watan Nuwamban 2017, bayan sa hannun dubun-dubatar masu adawa da turjiyar shugabannin gundumomi, firimiyan Brandenburg Dietmar Woidke ya janye shirin haɗe gundumomin jiharsa gaba ɗaya, kafin majalisa ta kaɗa ƙuri'a a kansa.