Yadda Za Ka Saita pip a Termux Don Kada Sabis Ya Cinye Maka Data

Duk mai koyon Python a waya daga Safana ko Batsari ya san wannan takaici: ka rubuta pip install, saukewa ta yi nisa, sabis ya ɗauke, jan rubutu ya cika allo, data kuma ta tafi. Maganin wannan yana cikin abin da ake kira bariyabul, wato suna da kake ajiyewa da wani bayani a ciki, manhaja ta riƙa karanta shi duk lokacin da ta tashi aiki.

Dokar pip mai sauƙi ce. Kowane zaɓi da take karɓa, ka sa masa PIP_ a gaba, ka mayar da shi manyan haruffa, ka canza - zuwa _. A asali daƙiƙa 15 kawai take jiran amsa, kuma sau 5 take sake gwadawa. Buɗe fayil ɗin saiti da nano ~/.bashrc, ka ƙara waɗannan layuka:

export PIP_TIMEOUT=90
export PIP_RETRIES=10

Kada ka bar sarari kafin alamar = ko bayanta. Ka adana, sannan ka rubuta source ~/.bashrc. Idan a allo kawai ka rubuta su, da zarar ka rufe Termux sun ɓace.

To idan babu sabis ɗin gaba ɗaya fa? Mun ga haka a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Safana da Batsari. Duk ranar da ka samu intanet mai ƙarfi, ka tara abin da kake buƙata:

pip download flask -d ~/kaya

Idan ka dawo gida sai ka rubuta:

export PIP_FIND_LINKS=$HOME/kaya
export PIP_NO_INDEX=1

Yanzu pip ba za ta nemi intanet ba, daga wayarka za ta ɗauko. Waɗannan biyun kada ka sa su a .bashrc, don kada ka manta ka yi ta mamakin me ya hana sabon abu sauka.

Sai batun PATH, jerin wuraren da Termux ke neman umarni. Idan ka girka abu da --user aka ce ba a ga umarnin ba, ƙara wannan:

export PATH=$HOME/.local/bin:$PATH

A nan ne na taɓa ƙonewa. Na manta :$PATH na ƙarshe, sai ga shi ko ls ba ya aiki, balle nano. Idan ya same ka kada ka goge manhajar. Kira nano da cikakken adireshinsa:

/data/data/com.termux/files/usr/bin/nano ~/.bashrc

Ka gyara layin, ka rufe Termux, ka sake buɗewa. Don tabbatar da saitinka ya zauna, rubuta echo $PIP_TIMEOUT, za ka ga 90.

Sai mun haɗu a darasi na gaba, inda za mu duba npm.