Besbol a Amurka: yadda ake musayar ƴan wasa ba tare da neman yardarsu ba

A kakar wasa ta 2018, Oliver Drake, mai jefa ƙwallo a babbar gasar besbol ta Amurka wato MLB, ya saka rigunan ƙungiyoyi biyar: Milwaukee, Cleveland, Los Angeles Angels, Toronto da Minnesota. Duk cikin waɗannan tafiye-tafiye babu wadda shi ya zaɓa, dokokin gasar ne suka yi ta yawo da shi daga gari zuwa gari.

Masu bin ƙwallon ƙafar Turai sun saba da cewa ƙungiya za ta biya kuɗi, sannan ta zauna da ɗan wasa a daidaita kan albashi kafin ya koma. A besbol lamarin ya sha bamban. Kwantiragin ɗan wasa ne ake miƙa wa wata ƙungiya, galibi a karɓi wasu ƴan wasa a madadinsa, shi kuma ya tattara kayansa ya bi. Yawancin ƴan wasa ba su da ikon cewa a'a. Masu wannan iko su ne waɗanda aka rubuta musu shi cikin kwantiragi, da waɗanda suka yi shekara 10 a gasar, biyar na ƙarshe a ƙungiya guda.

Kasuwar musaya tana rufewa ne a ƙarshen watan Yuli ko farkon Agusta. Ƙungiyoyin da ke hangen kofi kan ba da matasa masu tasowa su karɓi gogaggu, waɗanda kakar ta riga ta suɓuce musu kuma su yi akasin haka.

Hanya ta biyu ita ce dokar tayi, wadda a can ake kira weba. Kowace daga cikin ƙungiyoyi 30 na gasar tana da jerin ƴan wasa 40, kuma 26 daga cikinsu ne ke buga wasa a babbar ƙungiya. Tana iya tura ɗan wasa ƙananan gasanni ba tare da tayi ba har tsawon kaka uku. Bayan haka, ko kuma idan tana so ta cire shi daga jerin 40, sai ta fara yi wa sauran ƙungiyoyi 29 tayinsa na kimanin kwana biyu. Idan masu so sun fi ɗaya, wadda ta fi rauni a teburin gasa ce ke samu, kuma ita za ta ɗauki ragowar albashinsa. An yi dokar ne don kada ƙungiya mai ƙarfi ta ɓoye ƙwararru a ƙasa alhali wata na buƙatarsu. Ta wannan hanya Drake ya je Angels, Toronto da Minnesota.

A da, ko bayan rufe kasuwa ana iya musaya a watan Agusta idan an yi tayin ɗan wasa ba wanda ya ɗauka. Haka Houston Astros ta karɓo Justin Verlander daga Detroit Tigers a daren 31 ga Agusta 2017, bayan shi da kansa ya amince, kuma ta ci kofin shekarar. A 2019 aka toshe wannan ƙofa.

Sai dai masu ƙungiyoyi sun samo wa dokar wani amfanin. A watan Yulin 2023 Angels ta ba Chicago White Sox matasa ta karɓi Lucas Giolito da Reynaldo López da niyyar shiga zagayen neman kofi. Da wasanni suka ƙi, a ƙarshen Agusta sai ta yi tayin ƴan wasa shida a lokaci guda, har da waɗannan biyun, don ta rage albashi ta kauce wa harajin da ake ɗora wa ƙungiyar da ta haura dala miliyon 233 a shekarar. Cleveland ta kwashi uku ba tare da ta ba da ko ɗan wasa ɗaya ba.

Ɗan ƴancin da ƴan wasa ke da shi a yau sai da aka yi gwagwarmaya. A 1969 St. Louis Cardinals ta miƙa Curt Flood, baƙar fata da ya yi kaka 12 yana mata wasa, ga Philadelphia Phillies. Ya ƙi tafiya, ya kai ƙara, yana mai cewa shi ba kaya ba ne da za a saye a sayar. Kotun ƙolin Amurka ta kayar da shi a 1972, sana'arsa kuma ba ta sake farfaɗowa ba. Amma a 1973 aka amince da ƴancin masu shekara 10, kuma daga 1976 wanda ya cika shekara shida a gasar, kwantiraginsa kuma ya ƙare, yana iya zaɓar ƙungiyar da yake so.

Da yawa daga cikin ƴan wasa ba sa kaiwa shekara shida, balle 10. Su ne dokar tayi ta fi shafa: tana ba su damar ci gaba da wasa a babbar gasa, amma sai an gama komai ake kiransu a faɗa musu garin da za su kwana gobe.