Bidiyon Biki Da Abin Da Ke Bayansa

'Yan'uwana ɗalibai, duk wadda ta dawo daga hutu ta san hirar da akan fara yi a ɗakin kwananmu tun daren farko, watau hirar biki. Wannan ta ce ta ga bidiyon wata amarya a wayar yayarta, waccan ta ce ai ba ki ga komai ba. Da yake ba a yarda mu riƙe waya a makaranta ba, sai mu yi ta ba juna labari da baki, kowa na ƙara gishiri. Ni ma da ina cikin masu cewa in Allah ya kai mu, nawa sai ya fi haka. To, a hutun da ya wuce an yi bikin yayata a Ƙaura Namoda, aka sa ni bin mai ɗaukar bidiyo ina nuna masa dangi. Abin da na gani shi ne nake son in bayyana, kuma ina roƙon iyayenmu su yi mini aikin gafara in na taɓa wani.

Bari mu fara da jiya. Kakata ta wajen uwa mutumiyar Zurmi ce. Ta ce a zamaninsu akan yi na-gani-ina-so, a kai gaisuwa, a sa rana, sa'an nan a kawo lefe, wanda bai wuce 'yan turamen zane da kallabi da takalmi ba. In biki ya zo a yi kamu, a sa amarya a lalle, mata su yi kiɗan ƙwarya a cikin gida, masu kalangu kuma a ƙofar gida. Bayan ɗaurin aure a yi wankan amarya, a kai ta, a yi sayen baki, daga baya a yi buɗar kai, a kai gara. Jeren ɗaki kuwa ƙorai ne da tasoshi. Ƙasarmu ba baƙuwar kiɗa ba ce, don kuwa ita ta haifi Ibrahim Narambaɗa na Tubali da Kassu Zurmi, amma kiɗan biki na wancan lokaci in an tashi ya tashi ke nan, sai abin da ya rage a zukatan waɗanda suka halarta. Na tambayi Kaka ko tana da hoton bikinta. Ta yi dariya ta ce, "Ke jikata, mu da anka yi namu wa ya san hoto? Ga shi kuwa mun zauna har tsufa."

Yaya aka yi bidiyo ya shigo biki? Tun da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929, duk sabon abin da ya ɓullo a Zariya ko Kano ba ya daɗewa bai iso mana ba. Haka bidiyo ya yi. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a kaset, daga nan sana'ar finafinan Hausa ta kafu. Masu kyamara suka yawaita, masu hali suka fara kiransu wurin biki. Bikin Innarmu yana nan a kaset a ƙasan akwati, sai dai babu na'urar kallonsa yanzu. Bayan kaset aka koma faifan CD, yau kuwa waya ce. Bambancin a nan yake: kaset na gida ne, dangi kaɗai ke zama su kalla, amma bidiyon yau ana yinsa ne domin a watsa a WhatsApp da Instagram da TikTok, wanda ya san ka da wanda bai san ka ba duk su gani. Salon tsayuwar ango da amarya, da kallon juna, da waƙar da ke tashi a ƙasa, duk daga finafinanmu aka ɗauko su, su kuma finafinan sun yi koyi da na Indiya.

Yanzu ga yadda ake haɗa shi. Mai bidiyon ya zo da yaransa biyu, ɗaya na riƙe da fitila, ɗaya na riƙe da wani farin faifai mai mayar da haske kan fuska. Kwana uku suna ɗauka. Shigowar Yaya zauren biki, wadda kowa ya yaba, sau huɗu aka maimaita ta, don a karo na farko wani yaro ya gitta, a na biyu wuta ta ɗauke sai da aka tayar da janareta. Mai kwalliya ta fi awa biyu a kan fuskarta, ga zafi, ga nauyin ɗauri a kai, tun safe ba ta sa komai a bakinta ba. Mai bidiyo kuwa sai cewa yake yi, "Amarya, a ɗan yi murmushi." Motar da aka ɗauke su a ciki ta aro ce. Kujerun da furannin roba na haya ne, kafin gari ya waye an kwashe su zuwa wani bikin.

Bayan an gama sai ya zauna gaban kwamfuta ya yi tankaɗe da rairaya. Duk inda aka yi gumi, ko hamma, ko gardama kan rabon abinci, ya yanke. Ya rage saurin tafiya har mutum ya zama kamar yana yawo a kan iska, ya gyara launi har bangon gidanmu da na sani da tsaga ya koma sumul, ya ɗora waƙa mai ambaton sunan amarya. Kwana uku suka koma minti uku. Da na kalla sai da na yi shakka ko ni ce na halarci bikin nan. Ashe duk shekarun nan kallon kitse muke yi wa rogo.

Ban ce abin ba shi da amfani ba. Kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki saboda 'yan bindiga. Daga Ƙaura zuwa Zurmi ko Shinkafi ba wata tafiya ba ce, amma mutum kan yi tunani sau biyu kafin ya shiga mota. Kawunnanmu suka hana Kaka zuwa, Gwaggo ta Shinkafi ita ma ba ta samu zuwa ba. Da aka tura musu bidiyon, an ce Kaka ta sa an yi ta maimaita mata tana hawaye tana sa albarka. Wannan sada zumunci ne. Har ila yau sana'a ce, samari da yawa da ita suke ci da kansu da iyayensu, haka masu kwalliya da teloli da masu girki.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Abin da addini ya wajabta a aure kaɗan ne: waliyyi, da shaidu, da siga, da sadaki, wanda malamanmu na Malikiyya suka ce mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne. Walima sunna ce, kowa daidai ƙarfinsa. Anko da dina da hoton kafin aure da hayar zaure, mu muka ɗora wa kanmu. Kuma bidiyo shi ke ingiza su, domin kyamara ba ta son wuri fayau, sai an ƙawata. In an ƙawata wuri tilas a yi ɗinki, in an yi ɗinki tilas ƙawaye su yi anko, in an taru tilas a yi liƙi don a gani. Da yawa ma ba su san cewa sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya hana watsa Naira a wurin biki ba, hukuncinsa kuwa ɗaurin aƙalla wata shida, ko tarar aƙalla Naira 50,000, ko duka biyu.

A gidanmu na ga abin da minti ukun nan suka ci. Baba manomi ne, ɗan abin da ya samu bana bai taka kara ya karya ba, don gonarmu ta nesa ba ta nomuwa. Ya sayar da buhunan geron da ya ajiye don damina, ya kuma ci bashi. Ranar da zan dawo makaranta ya miƙo mini rabin abin da ya saba ba ni, bai iya duban idona ba, ya ce, "Yi haƙuri, uwata, in an kwana biyu zan aiko." Na ce, "Ba komai, Baba, Allah ya ƙara buɗi." Amma na tuna ni ce na fi kowa nacewa sai an yi dina, kunya ta kama ni. Ga kuma wata 'yar'uwarmu da aka sa wa rana, tun da ta ga bidiyon ta ce ita ma sai irinsa. Saurayin ƙaramin ɗan kasuwa ne, yanzu an ɗaga ranar, ba wanda ya san ranar da za a sake sawa. Akwai kuma wata illa: a irin wannan zamani, wanda ya baje dukiyarsa a waya bai san idon wa za ta faɗa ba.

Ku tuna watan Satumba na 2021, sa'ad da aka katse layukan waya a Jihar Zamfara, aka kuma rufe kasuwannin mako, har da babbar kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis. A cikin makonnin nan aka ɗaura auren wani kawuna. Goro da dabino aka raba, aka yi tuwo, aka kai amarya kafin magariba. Ba wanda ya watsa komai don babu hanyar watsawa. Yau suna nan lafiya da 'ya'yansu biyu, ba wanda ke binsu ko sisi.

Saboda haka ga 'yar shawarata. Iyayenmu, ku yi lissafi tun kafin a sa rana, abin da babu a ce babu, daidai ruwa daidai tsaki. In za a yi bidiyo a yi ɗan madaidaici domin dangi na nesa da 'ya'yan da za a haifa, a kuma nemi izinin mata kafin a watsa fuskokinsu. Samari, kada ku yi alkawarin abin da aljihunku ba zai ɗauka ba. Mu kuma 'yan mata, in mun ga bidiyo mu tambayi kanmu abin da aka yanke, da wanda ya biya, da yadda ya kwana. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Yaya da kanta ta gaya mini sau biyu kacal ta kalli nata, yanzu abin da ke gabanta shi ne zaman gidan.

Ni dai na yi niyya, in lokacina ya yi, kuɗin dina a ƙara mini a kan na karatu. Allah ya ba 'yan'uwanmu mazaje nagari, ya rufa wa iyayenmu asiri, ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da Nijeriya baki ɗaya, amin.