Ko Ka San Yadda Ake Bin Sawun Dutsen Da Ya Faɗo Daga Sama?

Hasken nan da ke gilmawa a sama da daddare, wanda mukan ce tauraro ya faɗi, yawanci 'yar tsakuwa ce da ba ta wuce ƙwayar gero ba. Takan shigo iskar da ke lulluɓe da duniya da gudun kilomita 11 zuwa 72 a daƙiƙa ɗaya, ta ƙone ƙurmus tun tana can sama. Amma jefi-jefi sai wani babban dutse ya shigo, haskensa ya zarce na Zara, har mutum ya ga inuwarsa a ƙasa. Irin wannan ne masana ke nema ruwa a jallo, domin wani lokaci yakan bar ɓaraguzai a ƙasa.

Sai dai ido yana yaudara. Wanda ya gani yakan rantse cewa a bayan unguwarsu ya faɗi, alhali tsakaninsu akwai kilomita ɗari ko fiye. Abin da shaida ɗaya ke iya bayarwa shi ne ɓangaren da ya hango hasken, ba nisansa ba. A ce mutumin Zariya ya gan shi ta arewa maso gabas, na Katsina kuma ta kudu maso gabas. Idan aka ja layukan biyu a taswira, za su haɗu a sararin Kano. Da shaidu ɗari, sai a fitar da hanyar da ya bi da yankin da ya kamata a je nema. Shi ya sa ƙungiyar masu nazarin waɗannan duwatsu ta Amurka, wadda aka kafa a 1911, da ta ƙasa da ƙasa, IMO, da aka kafa a 1988, suke karɓar rahoton kowa ta intanet, ba sa tambayar takardar makaranta.

Wannan dabara ta daɗe. A watan Afrilun 1803 duwatsu kusan 3,000 suka zubo a garin L'Aigle na Faransa, a zamanin da masanan Turai da dama ke ɗaukar zancen faɗowar dutse daga sama camfin ƙauyawa. Aka tura wani masani, Jean-Baptiste Biot, ya bi ƙauye-ƙauye yana tambayar mutane abin da suka gani da abin da suka ji, ya tarar bakinsu ya zo ɗaya. Rahotonsa ne ya rufe gardamar. Ina ganin duk mai raina maganar manomi ya kamata ya san wannan labari.

Yanzu na'ura ta shigo aikin. Kyamara ce da ake kafawa a kan rufi, gilashinta mai ƙumbo yana ɗauko sama gaba ɗaya, daga gabas har yamma, tana aiki dare farai ba gyangyaɗi. Da wani haske ya gilma sai kwamfuta ta adana hoton da lokacinsa, a gwada da na sauran kyamarorin da ke wasu garuruwa. A Příbram ta ƙasar Cek aka fara cin wannan nasara a 1959: an ɗauki hoton, an lissafa hanyar da dutsen ke bi wajen kewaya rana, an kuma tsinto shi. Faransa kaɗai tana da irin waɗannan kyamarori kusan 100. A Chelyabinsk ta Rasha kuwa, ranar 15 ga Fabrairun 2013, kyamarorin da direbobi ke liƙawa a gaban mota ne suka ɗauki fashewar da ta jikkata mutane kusan 1,500, galibi da fasassun gilasan tagogi.

Kyamarorin nan sun fi yawa a Turai da Amurka da Ostareliya. A wajenmu har yanzu idon mutane ne abin dogaro, kuma ba mu rasa abin gani ba. Ranar 3 ga Oktoban 1962 wani manomi a Zagami, ƙasar Katsina, yana korar hankaki daga gonarsa sai dutse mai nauyin kilo 18 ya dira 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye. Bincike ya nuna daga duniyar Mars ya fito, kuma yau sunan Zagami yana cikin littattafan kimiyya a duk duniya.

Saboda haka idan ka ga irin wannan haske, duba agogo nan take. Lura da inda kake tsaye, da inda hasken ya ɓullo da inda ya ɓace, ka alamta su da bishiya ko hasumiyar masallaci. Sannan ka saurara, don rugugin fashewarsa, in akwai, yakan iso bayan minti ɗaya ko fiye, tunda sauti na cin kilomita ɗaya ne a daƙiƙa uku, tazarar kuma tana nuna nisa. Rubuta komai kafin ka shiga hira da maƙwabta, domin labari yana sauyawa in ya bi bakuna, sannan ka aika wa IMO.