Baitulmali da Filin Ƙwallo: Wa Ya Kamata Ya Ɗauki Nauyin Wa?

Kafin a shiga cikin bayani, ya kyautu a bambance abubuwa biyu da jama'a kan cuɗa su wuri guda. Na farko shi ne filin wasa, watau wurin da aka keɓe domin matasa su motsa jini, jama'a kuma su yi kallo. Na biyu kuwa shi ne ƙungiyar ƙwararru, wadda 'yan wasanta ke karɓar albashi. Dukkansu biyu sukan nemi kuɗi daga baitulmali, amma haƙƙinsu a kansa ba ɗaya ba ne.

A ƙasar Hausa tun asali wasa shi ke ciyar da kansa. Idan kaka ta yi, aka cika rumbuna, sai a share fage a yi dambe ko kokawa. 'Yan kallo su ke yi wa ɗan wasa da makaɗinsa kari, sarki ko attajiri kuma ya ba da riga ko doki idan ya ga dama. Haka Ɗan Anace ya ci abinci da wasa Shago, ba wanda ya yanka masa albashi. Ranar da wasa ya daina burge mutane, ranar ce kyauta ke yankewa.

Ƙwallon ƙafa na zamani ya zo da wani tsari dabam. Akwai albashi wata-wata, da kuɗin mota zuwa garuruwa masu nisa, da masauki, da magani. Kuɗin ƙofa ba ya isa. Wannan ne ya sa a 1987 masu Leventis United da Abiola Babes suka rushe ƙungiyoyinsu, ko da yake suna cikin mafiya ƙarfi a lokacin. Tun daga nan gwamnatocin jihohi suka zama iyayen gidan galibin ƙungiyoyin ƙasar nan. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ci gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, kuma duk da ɗimbin magoya bayanta ba ta rabu da aljihun gwamnati ba. Jihar Kebbi, da aka ƙirƙiro a 1991, ita ma tana da Kebbi United, mai wasa a filin Haliru Abdu da ke Birnin Kebbi.

Illar wannan tsari a fili take. Ƙungiyar da ke rayuwa da kason gwamnati ta zama tamkar wani sashe na ma'aikata. Da farashin man fetur ya faɗi daga 2014, har jihohi da dama suka nemi ɗaukin Gwamnatin Tarayya a 2015 domin biyan albashi, 'yan ƙwallo na cikin waɗanda suka bi bashin watanni. Bugu da ƙari, shugaban da ya san kuɗi za su zo ko an cika fili ko ba a cika ba, ba abin da zai tilasta masa neman 'yan kallo ko 'yan talla. Wanda ya dogara da tuwon wani, sai ya jira ranar da aka tuna da shi.

Kada a ɗauka talauci ne kaɗai ke jawo haka. A Amurka, hukumar garin Gilendel ta Jihar Arizona ta zuba kimanin dala miliyan 180 wajen gina zauren wasan hoki na kan ƙanƙara, aka buɗe shi a 2003 domin ƙungiyar Coyotes. An yi wa mutanen garin alkawarin ciniki da ayyukan yi. A 2009 ƙungiyar ta karye, hukumar gasar ta karɓe ta, garin kuma ya amince da biyan dala miliyan 25 a shekara har sau biyu don kada ta tashi. A 2022 ta bar zauren, ta koma wani ƙarami na jami'a. A 2023 mazauna garin Tempe suka ƙi amincewa da shirin sabon zaure a ƙuri'ar raba gardama, sannan a 2024 aka sayar da ita, 'yan wasanta suka koma Jihar Yuta. Ƙungiya tana da ƙafa, bashin gini kuwa yana nan inda aka ci shi.

To, ina ruwan mutumin Gwandu ko na Kalgo da wannan? Ruwansa shi ne, kuɗin da ake ba ƙungiyar jiha nasa ne, alhali kuwa ba kasafai yake samun zuwa babban birni kallo ba. Abin da yake gani kullum shi ne matasan unguwa suna buga ƙwallo a filin makarantar firamare ko a bayan gari. Kalgo ma, tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013 a kan hanyarta ta zuwa Bunza, ta ƙara cika da matasa. Fili mai katanga da ruwan sha da makewayi a irin waɗannan garuruwa zai amfani ɗaruruwan mutane shekara da shekaru, da ƙwallo da kokawa da dambe da wasannin makarantu. Albashin ƙwararru na kaka guda kuwa, da an biya ya wuce.

Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun bi wata hanya mai kama da wannan. Tun 1975 suke gasar kokawa ta Takobin Ƙasa, wadda ke zagaya jihohinsu, hukuma ta tanadi fage a manyan garuruwa, jama'a kuma su cika shi da kansu.

Saboda haka, ma'aikacin da takardar neman tallafi ta iso teburinsa ya kamata ya yi tambayoyi uku. Shin kuɗin nan gini za su yi da zai zama mallakar jama'a, ko albashi za su biya? Shin an ƙayyade shekarun tallafin, yana raguwa har ƙungiyar ta tsaya da ƙafarta? Shin ana buga lissafin abin da ya shigo ta ƙofa da ta talla, kowa ya gani? Cewa gwamnati ce kaɗai za ta iya riƙe ƙungiya ba tabbas ba ne, domin Remo Stars ta Ikenne, mallakar ɗan kasuwa, ita ta ci gasar ƙasa a 2025. Idan takardar ta kasa amsa tambayoyin nan, gara a mayar da kuɗin ga filayen ƙananan hukumomi, inda masu su suke zaune.