Wa ya cancanci a kira shi ƙwararre a jinyar wanda ba zai warke ba?

Akwai wata jumla da kusan kowane gida a ƙasar nan ya taɓa ji daga bakin ma'aikacin asibiti: "Ku mayar da shi gida, sai dai addu'a." Ana faɗinta cikin tausayawa, kuma sau da yawa gaskiya ce, domin cutar ta riga ta wuce inda wuƙar tiyata ko allura za su cim mata. Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne abin da ke biyo baya. Majinyaci ya koma ɗakinsa da ciwon dajin da ya ci ƙashi, ko ƙodar da ta daina aiki, ya kwana yana nishi, iyalinsa na zaune a bakin ƙofa ba su da abin ba shi sai farasitamol da ruwan tofi. Makonni ko watannin da suka rage masa sun zama ba na kowa ba. Likitan da ya sallame shi ya gama nasa, kuma babu wani da aka horar domin ya karɓa daga nan.

A wasu ƙasashe wannan tsakanin yana da masu shi. Fanni ne na likitanci mai zaman kansa, wanda za mu iya kira jinyar sassauci: kula da mai cuta mai tsanani ta hanyar rage masa raɗaɗi, da haki, da amai, da rashin barci, da fargaba, tare da tallafa wa masu jinyarsa, ko da kuwa ba a sa ran warkewa. Yana da manhaja, yana da jarrabawa, yana da takardar shaidar ƙwarewa. Tambayar ita ce wa ya kamata ya riƙe wannan takarda, kuma wa ya kamata ya bayar da ita. Amsar da kowace ƙasa ta zaɓa ita ke yanke yawan mutanen da za su cika cikin natsuwa da waɗanda za su cika cikin azaba.

Tushen fannin yana komawa ga wata Baturiyar Ingila, Cicely Saunders. Ta fara da aikin nas a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ciwon baya ya tilasta mata barinsa, ta koma jami'ar walwalar marasa lafiya. A 1948 ta yi jinyar wani ɗan gudun hijira daga Foland, David Tasma, wanda ya bar mata fam 500 domin a gina wurin da irinsa za su ƙarasa kwanakinsu. Sai ta lura cewa likitoci ba za su saurari nas ba a kan maganar raɗaɗi, saboda haka ta shiga makarantar likitanci tana da shekara 33, ta kammala a 1957. Bayan shekara goma, a 1967, ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan. Abu biyu ta koyar waɗanda har yau su ne ginshiƙi. Na farko, a riƙa ba da maganin raɗaɗi a kan lokaci, kafin ciwon ya dawo, maimakon a jira sai majinyaci ya yi kuka. Na biyu, raɗaɗi ba na jiki kaɗai ba ne: akwai na zuciya, da na tunanin bashi da marayun da za a bari, da na tsoron gamuwa da Ubangiji. Abin lura a nan, wadda ta kafa fannin ita kanta sai da ta nemo takarda kafin a ji maganarta.

Birtaniya ta amince da shi a matsayin fannin ƙwarewa na likitoci a 1987, da horo na shekara huɗu. Amurka ta jinkirta har 2006 kafin hukumar da ke kula da fannonin ƙwarewar likitocinta ta karɓe shi, aka yi jarrabawar farko a 2008. Hukumomin fannoni goma ne suka haɗu suka ɗauki nauyinsa, ciki har da na likitocin yara, da na tiyata, da na masu sa barci, da na taɓin hankali, domin mutuwa ba ta zaɓi sashe guda na asibiti ba.

Mai karatu na iya cewa: to, tausayi ma sai an yi masa jarrabawa? Ba tausayin ake jarrabawa ba. Ana jarraba abubuwan da idan aka yi kuskure a cikinsu majinyaci ne zai ɗanɗana. Nawa za a fara ba da mofin ga tsohuwar da ba ta taɓa shan irinsa ba, kuma yaya za a ƙara? Me zai faru idan ƙodarta ta yi rauni, tun da burbushin maganin yana taruwa a jini? Ya za a lissafa idan za a sauya daga na sha zuwa na allura? Wanda aka horar ya san cewa duk wanda aka ɗora a kan mofin sai an haɗa masa da maganin sassauta ciki, in ba haka ba maƙarƙashiya za ta zame masa sabuwar cuta. Ya san bambancin ruɗewar da magani ya jawo da wadda ƙarshen rayuwa ke kawowa. Ya kuma koyi yadda ake zaunar da iyali a faɗa musu gaskiya ba tare da an karya musu zuciya ba, wanda a ganina shi ne mafi wuya a cikin duka.

Kuma aikin yana da sakamako da aka auna. A 2010 aka wallafa wani bincike da aka yi a babban asibitin Massachusetts da ke Boston, a kan mutum 151 masu ciwon dajin huhu da ya riga ya bazu. Waɗanda aka haɗa da ƙwararrun jinyar sassauci tun farkon gano cutar sun fi samun natsuwa, damuwa ta fi raguwa a cikinsu, ba a wahalar da su da magunguna masu ƙarfi a kwanakin ƙarshe ba. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne sun fi daɗewa a raye: tsaka-tsakin wata 11.6, a kan wata 8.9 na sauran. Wato kiran wannan likita ba sallamawa ba ne.

Sai dai takarda ƙofa ce, kuma ƙofa tana buɗewa tana rufewa. A Amurka an bar likitocin da suka daɗe suna aikin su zauna jarrabawar bisa gogewarsu har zuwa 2012. Daga nan aka rufe wannan hanya, ya zama dole sai mutum ya yi shekara guda ta horo na musamman bayan ya gama fanninsa na asali. Inganci ya ƙaru, amma guraben horon ƙalilan ne, kuma har a can ɗin ana kukan ƙarancin ƙwararru. Idan ƙasa mai irin wannan arziki ta rasa isassu, me za a ce da sauran duniya? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ke buƙatar wannan kulawa a kowace shekara, kuma kusan kashi 14 cikin ɗari ne kawai ke samu. Kwamitin da mujallar Lancet ta kafa ya bayyana a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi ɗaya cikin ɗari na mofin da danginsa da ake rarrabawa.

A nan ne labarin Uganda ya cancanci a tsaya a kansa. Dakta Anne Merriman, haifaffiyar Libaful wadda ta yi shekaru tana aikin likita a kudancin Najeriya tun tana matashiya, ta kafa Hospice Africa Uganda a Kamfala a 1993. Sharaɗin da ta gindaya kafin ta fara shi ne gwamnati ta yarda a shigo da garin mofin. Ana dama shi da ruwa, a rina shi da launi domin a bambance mai ƙarfi da mara ƙarfi, a zuba a gora, majinyaci ya sha a gidansa. Kuɗinsa kaɗan ne. Amma an ci karo da doka: likita ne kaɗai ke da ikon rubuta shi, alhali mafi yawan 'yan ƙasar na ƙauye, inda mutum kan yi shekaru bai ga likita ba. A 2004 Uganda ta sauya dokar, ta ba nas-nas da jami'an asibiti ikon rubuta mofin, da sharaɗin sun yi horo na musamman na wata tara sun ci jarrabawa. Ita ce ƙasa ta farko a Afirka da ta yi hakan. Daga baya aka samar da karatun difloma da na digiri tare da Jami'ar Makerere, ɗalibai na zuwa daga ƙasashen Afirka da dama.

Bambancin a bayyane yake. A Amurka takardar ta ƙara wa likita matsayi a kan matsayi. A Uganda ta miƙa iko ga wanda ba shi da shi, amma shi ne kusa da tabarmar mara lafiya. Ba a sassauta sharaɗi ba, an dai sauya wanda ake horarwa. Jihar Kerala ta Indiya ta bi wata hanya mai kama da wannan, inda dubban 'yan sa-kai na unguwa ke aiki ƙarƙashin likitoci da nas-nas ƙalilan.

Mu a nan gida ba daga sifili za mu fara ba. Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta sun yi shekaru suna wannan gwagwarmaya a Ibadan, har aka buɗe sashen jinyar sassauci a asibitin koyarwa na jami'ar a 2007, shekarar da aka kafa ƙungiyar masu wannan aiki ta ƙasa. Amma muna da wata matsala da ta sa maganar takardar shaida ta fi gaggawa a wurinmu. Arewa ta ga ɓarnar tiramol da kodin da idonta, har Gwamnatin Tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Wannan tsoro yana da hujja, sai dai ya shafi wanda bai ji ba bai gani ba. Likita na ɗari-ɗarin rubuta mofin, mai kantin magani na gudun ajiye shi, iyali na cewa kada a mayar musu da uba ɗan ƙwaya yana bakin kabari. Mai cutar sikila ma, da ya zo yana birgima, sau da yawa kallon mashayi ake fara yi masa. Hanya ɗaya ta raba aya da tsakuwa ita ce a samu rajistar mutanen da aka horar, aka jarraba, aka san sunansu, waɗanda hukumar NAFDAC da ta NDLEA za su iya bin sawun kowace kwalba da ta fita daga hannunsu.

Ra'ayina shi ne kada mu kwaikwayi Amurka kai tsaye. Idan muka ce sai babban likita mai shekaru goma na karatu ne zai taɓa wannan aiki, za mu samu 'yan tsiraru a Legas da Abuja da Kano, rabinsu kuma takardar za ta zame musu tikitin jirgi zuwa Ingila ko Saudiyya. Ƙudurin da Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar a 2014 ya riga ya zayyana matakai uku: ilimin farko ga duk ɗalibin likitanci da na jinya, horo na tsakiya ga waɗanda kullum suke tare da masu cuta mai tsanani, sannan ƙwarewa ta ƙoli ga 'yan kaɗan da za su koyar kuma a kai musu abin da ya gagara. Matakin ƙoli aikin kwalejojin horar da manyan likitoci ne, ta ƙasa da ta Afirka ta Yamma. Na tsakiya kuwa, wanda shi ne zai kai ga Ɓaure da Gwaram da Illela, yana hannun Majalisar Nas-nas da Ungozoma da hukumar da ke kula da jami'an lafiya na al'umma.

Akwai haɗarin da dole a faɗa. Mu mutane ne masu son takarda. Da zarar aka ji fanni ya samu kasuwa, za a ga tarurrukan bita na kwana uku a otal, a ci abinci, a ɗauki hoto, a raba kwali mai zanen zinare, gobe mutum ya liƙa shi a bangon kemis. Irin wannan kwali ya fi rashinsa muni, domin yana ba da lasisin taɓa magani mai haɗari ga wanda bai taɓa zama gefen mai cikawa ba. Takardar da za ta yi amfani sai ta ƙunshi watanni na aiki a gaban malami, da ƙidayar majinyatan da ɗalibi ya bi har gida, da sabuntawa bayan 'yan shekaru.

Kuma jarrabawar da aka rubuta a Landan ba za ta tambayi abin da nas a Funtuwa za ta fuskanta ba. Me za ta yi idan babban ɗa ya ja ta gefe ya ce, "Don Allah, Malama, kada ki faɗa wa Baba abin da ke damunsa," alhali Baban na da bashi da wasiyyar da yake son bari? Ya za ta yi da matar da ba za ta amince a duba ta ba sai da izinin miji, mijin kuma yana ci-rani? Ya za ta shawo kan dattijon da ya ƙi shan magani da rana saboda azumi, ko wanda yake ganin neman sauƙin ciwo rashin tawakkali ne, kuma wane malami za ta kira ya taya ta bayani? Da wace Hausa za ta faɗa wa uwa cewa ɗanta ba zai tashi ba? Ya kamata a jarraba ɗalibi a kan waɗannan da baki, cikin harshen da zai yi aiki da shi, a gaban masu jarrabawar da su ma sun taɓa zama a irin wannan ɗaki.